Waiwaye: Ƙwan Saniya da Muhawarar Inganta Irin Shanu

Tun da aka kafa ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwon dabbobi a 2024, maganar inganta irin shanu ta sake zafi a Kano. Ana yin ta a gidajen rediyo, ana yin ta a kara ranar kasuwar Wudil. Wasu na cewa a kawo maniyyin bijiman waje a yi wa Bunaji da Bokoloji allura, nono ya wadata. Wasu na cewa sun gwada, kuɗi ya tafi, saniya ba ta ɗauka ba. Yanzu kuma ga masu cewa a haɗa ɗan tayi a ɗakin gwaji a dasa wa saniya. Duka ɓangarorin idonsu na kan bijimi, kuma suna magana kamar jiya aka fara abin.

Barbarar allura ta girmi kakannin yawancinmu. A Rasha aka fara faɗaɗa ta farkon ƙarni na 20, manoman Denmak suka kafa mata ƙungiya a 1936. A 1949 masana a Ingila suka gano yadda ake daskarar da maniyyi bai mutu ba. An haifi maraƙin farko na dashen ɗan tayi a Amurka a 1951, na farko da aka haɗa a ɗakin gwaji kuma a 1981. A nan gida, an shafe shekaru da dama ana haɗa Bunaji da shanun Turai a cibiyoyin binciken dabbobi na Shika da Vom. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika ambata ba ya faru ne a 1935, kuma ba a kan saniya ba, a kan zomo. Gregory Pincus da Ernst Enzmann na jami'ar Harvard sun zaro ƙwan zomo daga 'yar jakar ruwan da yake girma a cikinta, suka ajiye shi a ruwan gwaji ba tare da sun ƙara masa komai ba. Sai ƙwan ya kama nuna da kansa. Wannan ya juya tunanin masana gaba ɗaya. Ashe ƙwai ba jiran a tura shi yake ba, a ɗaure yake, kuma jakar ce ta yi masa dabaibayi. A 1965 Robert Edwards ya nuna haka abin yake a ƙwan saniya, da na tunkiya, da na ɗan Adam.

Ga dalilin dabaibayin. Da ƙwayayenta ake haihuwar maraƙa. Tun tana cikin uwarta kowane ƙwai ya fara rabon da zai rage kuromosom ɗinsa, wato zaren da ke ɗauke da halayen gado, daga 60 zuwa 30, sai ya tsaya a tsakiya, ya zauna haka shekara da shekaru. A wannan zaman, musamman makonnin ƙarshe, yake tara guzurin da ɗan tayi zai rayu da shi a kwanakinsa na farko. In ya kwance da wuri, da guntun guzuri zai fito.

Sai da aka kwashe fiye da shekara 70 kafin a gane yadda ɗaurin yake. A 1971 Yoshio Masui da Clement Markert suka gano a ƙwan kwaɗo wani abu da ke sa nuna, aka kira shi MPF. Daga baya aka tabbatar inzayim ne, wato irin sinadarin da ke kunna aiki a cikin ƙwayar halitta, kuma binciken da ya kai ga fahimtarsa ya ci kyautar Nobel a 2001. Abin da ke danne MPF shi ne yawan wani sinadari, cAMP, a cikin ƙwan. Akwai wani inzayim, PDE3A, da aikinsa cinye cAMP. Shi kuma ƙwayoyin da ke kewaye da ƙwan ne ke hana shi sakat, ta hanyar zuro masa wani sinadarin daban, cGMP, ta wasu ƙananan kafofi. A 2009 da 2010 aka kammala gano wannan sarƙar a jikin ɓera. Idan saniya ta zo neman barbara, sinadarin LH, mai ba da umarnin sakin ƙwai, yana tumbatsa a jininta, cGMP ya faɗi, PDE3A ya cinye cAMP, MPF ya tashi. Cikin kusan kwana ɗaya ƙwai ya nuna, ya sake tsayawa yana jiran maniyyi.

A nan ne tarihin ya shafi aljihun mai kiwo. Ƙwan da aka zuƙo daga jakarsa ya rabu da cGMP, don haka yana kwancewa nan take, ko ya shirya ko bai shirya ba. A ɗakunan gwaji, kusan 8 zuwa 9 cikin 10 na ƙwayayen shanu sukan nuna a ido, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke kai wa ɗan tayin kwana 7 da za a iya dasawa. Wanda ya nuna a cikin saniya ya fi haka nesa. Shi ya sa masana yanzu suke gwada riƙe ƙwan na wasu sa'o'i da sinadaran da ke danne PDE3A, don ya ƙarasa shirinsa. Duk wanda ya zo da alƙawarin maraƙi daga kowane ƙwai, ya tsallake wannan babin.

Ni a ganina, a nan gizo ke saƙar, ko ga wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Jakar ƙwai tana ɗaukar kusan mako shida daga lokacin da ta fara tara ruwa zuwa fashewarta. Ƙwan da allura za ta tarar a farkon damina, a bazara aka raine shi, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, ciyawa ta ƙare, harawa da dusa sun yi tsada. Dubi saniyar bayan gari a watan Afrilu: haƙarƙari a waje, tana haki a gindin darbejiya, ga maraƙi yana tsotso. Yunwa da shayarwa suna rage fitar LH, zafi kuma yana lalata ƙwai, kuma illarsa takan bi saniya wata biyu ko fiye bayan an samu sanyi. Sannan shanu masu tozo neman barbararsu gajere ne, sau da yawa cikin dare, ƙwan kuma 'yan sa'o'i kawai yake jira bayan ya fito. Mai allura ya iso da hantsin washegari, sai a ce maniyyin ne ba shi da kyau, ko a ce irin namu ne ba ya karɓa.

Wannan zargin na ƙarshe yana yi mini ciwo, domin akasinsa aka gani. Tun da aka fara zuƙo ƙwai daga saniya mai rai a Holan a 1988, Brazil ta shiga sahun gaba a wannan sana'a, kuma da shanu masu tozo irin su Nelore da Gir ta yi hakan, saboda sun fi shanun Turai ba da ƙwai a zuƙa ɗaya. Dangin Bunaji ne. Yawancin binciken da aka yi kan nunar ƙwan saniya kuwa, da ma'ajiyar ƙwan da ake tsintowa daga mayanka aka yi shi, irin wadda ake cirewa tare da kayan ciki kowace safiya a mayankar Kano.