Tallafin ƙaramar hukuma ga masu ƙananan sana'o'i: tambayoyi da amsoshi

Mene ne bambancin tallafi da rance?

Rance bashi ne da ake biya, galibi tare da kuɗin ruwa. Tallafi kuwa ba a mayar da shi, sai dai kusan kowane tallafi yana zuwa da manufa a rubuce, kamar sayen na'ura, horar da ma'aikata ko gyaran wurin aiki, kuma wanda ya karkatar da kuɗin zuwa wata hidima ana iya tilasta masa ya dawo da su.

Me ya sa masu sana'a da dama ba sa samu, alhali kuwa sun cancanta?

A ganina babban dalili shi ne hukuma ba ta san da zamansu ba. Jami'in da ke tantance masu nema takarda ce a gabansa, kuma idan sana'a ba ta da rajista, ba ta da asusun banki da sunanta, kuɗin ciniki kuma ya cakuɗe da na aljihun mai ita, to babu abin da zai kafa hujja da shi ko da ya so taimakawa. An ga haka a Ingila a shekarar 2020, lokacin annobar korona, inda gwamnati ta raba fam 10,000 ga kowace ƙaramar sana'a da ta cika sharaɗi ta hannun ƙananan hukumomi. Kundin harajin wuraren kasuwanci aka bi wajen rabon, don haka waɗanda sunansu ba ya ciki, irin su masu rumfa a kasuwa da masu haya a ofisoshin haɗaka, sai da suka jira aka buɗe musu wani asusu daban daga baya.

Wane shiri ya kamata a yi kafin a fitar da sanarwa?

Wa'adin nema yakan zama gajere, kuma rajista ko takardar shaidar biyan haraji ba sa fitowa a rana ɗaya, saboda haka tun da wuri ake tanadarsu. Littafin ciniki ma, ko da na hannu ne mai layi biyu, na shiga da na fita, yana da daraja matuƙar akwai kwanan wata da rasidai a tare da shi. Wajen rubuta buƙata kuma, cewa "ina so in bunƙasa sana'ata" ba ta gamsar da kowa. Wanda ya ambaci na'urar da zai saya, ya haɗa takardun farashi daga dillalai biyu, ya faɗi yawan ma'aikatan da zai ƙara, ya ba masu tantancewa abin da za su auna.

Shin ana ba da kuɗin gaba ɗaya tun farko?

Ba koyaushe ba. Wasu shirye-shirye suna buƙatar mai sana'a ya kawo nasa kaso, wasu kuma sai ya kashe nasa tukuna, ya gabatar da rasidai, sannan a biya shi. Abin da aka saya kafin amincewa ta fito a rubuce kuwa galibi ba ya shiga lissafi, kuma a nan ne masu gaggawa kan yi asara.

A ina ake jin labarin tallafi?

A sashen kasuwanci na ƙaramar hukumar, da shafinta na intanet, da kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa.

Idan wani ya ce a ba shi kuɗi zai saka sunan mutum fa?

A guje shi. Ana iya biyan akanta ladan shirya takardu, amma mai sayar da gurbi ko mai neman lambar sirri ta banki ɗan damfara ne, kuma ya dace a kai ƙararsa.

Wanda aka ƙi buƙatarsa, ya zai yi?

Ya nemi dalili a rubuce. Sau da yawa takarda ɗaya ce ta yi ƙaranci ko lissafi bai daidaita ba, kuma ana iya gyara wannan kafin zagaye na gaba.