Maganin ƙarancin jinin da ke zuwa zuciya

Wannan matsala na tasowa ne idan kitse ya taru a bangon jijiyoyin da ke ciyar da ita kanta zuciyar har hanya ta matse, sai ka ga mutum da ya hau bene ko ya ɗan yi sauri ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, wani ciwon ya gangara hannun hagu ko ya haura muƙamuƙi, in ya huta ya lafa. Masu ciwon suga kuwa wani lokacin haki da kasala kawai suke ji.

Da ƙwayoyi ake farawa. Asfirin ƙarami, miligiram 75 zuwa 100 a rana, yana hana jini daskarewa, maganin sitatin na rage kolestarol, wato wani nau'in kitse da ke cikin jini, akwai kuma masu sassauta bugun zuciya don ta rage wahala. Naitirogilisarin shi ake sakawa ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso, tun 1878 likita William Murrell ya fara ba da shi a Landan, yana aiki cikin 'yan mintuna amma a zauna kafin a saka don yana kawo jiri da ciwon kai, kuma ba a haɗa shi da Viagra ko kusa, jini zai iya faɗuwa warwas.

In toshewar ta yi tsanani ana zura siririn bututu ta wuyan hannu ko matsematsi, a hura 'yar balan-balan ta buɗe wurin sannan a bar ragar ƙarfe, wato sitent. Andreas Gruentzig ne ya fara buɗewa da balan-balan a Zurich a 1977. In jijiyoyi da yawa ne sai tiyata, a ciro jijiya daga ƙafa ko cikin ƙirji a yi wa jinin kewaye.

Inda mutane ke kuskure shi ne ɗaukar sitent a matsayin an gama. Wuri ɗaya ya buɗe, cutar kuma tana nan a sauran jijiyoyin. Binciken ISCHEMIA da aka wallafa a 2020 kan mutum sama da 5,000 ya nuna ga masu ciwon da bai rikice ba gaggawar buɗe jijiya ba ta rage mutuwa fiye da magani ba, sai dai ta sauƙaƙa ciwon ƙirji. Shi ya sa barin sigari, kula da hawan jini da suga, da motsa jiki na minti 150 a mako ba sa fita daga lissafi.

Ciwon da ya zo mutum na zaune ko ya ƙi lafawa bayan an saka maganin ƙarƙashin harshen, da zufa da tashin zuciya, wannan kam asibiti ne nan take, ba a jira gari ya waye.