Rainon ɗalibai a fagen rubutun Hausa

Rainon marubuci shi ne tsohon hannu a waƙa ko ƙagaggen labari ya ɗauki ɗalibi, ya riƙa duba aikinsa yana nuna masa inda ya kauce, har ya iya tsayuwa da ƙafarsa. Ya bambanta da darasin aji, domin nan ba jarrabawa ake nema ba, kuma gyaran yana bin rubutun ɗalibi ɗaya ne, ba manhaja ba.

Al'adar ta daɗe. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta koyar da jajojinta, wato matan da ta naɗa malamai masu yawo, waƙoƙi, su kuma suka kai wa mata 'yan taru a ƙauyuka. A zamanin boko, bayan gasar ƙagaggun labarai ta 1933, Abubakar Imam ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Rupert East, Baturen da ya shirya gasar, a Zariya, inda East ke duba rubutunsa. Daga baya ƙungiyoyi suka ɗauki wannan nauyi, irin su Hikima Kulob ta Mudi Sipikin da Raina Kama, duk a Kano, da rassan Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya wadda aka kafa a 1981.

A waƙa, kunne ake fara horarwa kafin alƙalami. Dalili kuwa shi ne karin waƙar Hausa ya dogara da nauyin gaɓa, rubutun boko kuma ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na mazauni da "gari" na tuwo iri ɗaya ake rubuta su, amma gaɓar farko a na mazauni ba ta da nauyi, a na tuwo kuwa tana da shi. Ɗalibin da ke ƙirga gaɓoɓi da ido zai ga ɗangonsa, wato layin waƙarsa, daidai, sai an rera sannan a ji ya karye. Saboda haka malami kan sa shi ya rera baitin da murya, shi kuma yana ƙwanƙwasa tebur, inda harshe ya yi tuntuɓe nan za a sa alama.

Galibi da ƙwar biyu ake somawa, wato baiti mai ɗango biyu, domin amsa-amo (gaɓar da ake maimaitawa a ƙarshen ɗango) ɗaya kawai ɗalibi zai tsare. Sai ƙwar biyar, inda ɗango huɗu na farko ke da ƙaramin amsa-amonsu, na biyar kuma ya riƙe babban amsa-amon da ke ratsa waƙar duka. Tsakanin biyun akwai tahamisi, wanda ƙila babu atisayen da ya kai shi amfani: a ba ɗalibi baiti mai ɗango biyu na wani gwani, ya ɗora ɗango uku a samansa. Dole ya bi karin mai waƙar, ya bi ma'anarsa, ba shi da wurin ɓuya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne bautar amsa-amo. Ɗalibi ya zaɓi "-ra" ya ga kalmomi sun ƙare masa a baiti na shida, sai ya shiga murɗe kalma ko cusa wadda ba ta da alaƙa da jigo. Maganinsa tun farko ne: a sa shi ya jera kalmomin da ke ƙarewa da wannan gaɓar kafin ya rubuta ɗango ko ɗaya. In ba su isa ba, ya sake zaɓi.

A zube, wato rubutun da ba waƙa ba, aikin ya fi karkata ga ƙa'idojin rubutu (raba "ya yi", sa ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ), da rage doguwar shimfiɗa, da hana taurarin labari yin wa'azi maimakon magana.

Shi ma malami yana da nasa tarkon. Wanda ya karɓi biro ya sake rubuta ɗangon da kansa ya gyara waƙa, bai gyara mawaƙi ba, kuma bayan shekara biyu sai a ji ɗalibansa duka da muryarsa suke rerawa. Ƙwararru kan ja layi ƙarƙashin wurin, su faɗi abin da ya karye, su mayar wa ɗalibi takardarsa ya dawo da ita a zama na gaba.