Allurar baya lokacin naƙuda ba ta haddasa ciwon baya na dindindin

An daɗe ana faɗa wa masu juna biyu cewa allurar rage zafin naƙuda da ake yi a baya, wato efidural, tana bar wa mace ciwon baya har ƙarshen rayuwarta. Bincike bai tabbatar da hakan ba, domin ciwon baya bayan haihuwa yana samun waɗanda aka yi wa allurar da waɗanda ba a yi wa ba, kuma galibi nauyin ciki da sakin jijiyoyin ƙugu ne tushensa.

Likitan sa barci yana sa allurar ne a ƙasan baya, a wajen fatar da ta lulluɓe laka, sannan ya zare ta ya bar siririn bututu da maganin ke bi, zafin ya lafa cikin minti 10 zuwa 20 alhali mace tana cikin hayyacinta. Wurin kan yi tsami na 'yan kwanaki kawai.

Illolin da ya kamata a tattauna daban suke: saukar awon jini ƙasa da kima, zazzaɓi, wahalar fitsari, tsawaitar yunƙuri, da matsanancin ciwon kai da ke samun kusan mace 1 cikin 100. Abin da ke damuna shi ne, tsoron da ba shi da tushe yana hana mata yin waɗannan tambayoyin tun a wajen awo.