Littattafan Hutun Bazara

Littattafan hutun bazara wani rukuni ne na ƙagaggun labarai da ake wallafawa a Amurka da Ingila domin masu tafiya hutu a watannin Yuni, Yuli da Agusta. Labarai ne marasa nauyi, waɗanda mutum zai gama cikin kwana biyu ko uku a jirgi ko a bakin ruwa. Masu sayar da littattafai na kiransu "beach read", wato karatun bakin teku. Da yawansu sun ginu ne a kan abu biyu: zumuncin tsofaffin ƙawaye da ya yi sanyi, da damar sake gwada abin da ya lalace a baya, ko aure ne, ko soyayya, ko sana'a. Mata ne suka fi rubuta su, su ne kuma suka fi saye.

Asali

Kasuwa ce ta haifi wannan adabi. Bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865, layin dogo ya yaɗu, masu rufin asiri suka sami halin barin birni lokacin zafi zuwa wuraren shaƙatawa irin su Saratoga da Newport. Kafin nan, da bazara ta kama sai kasuwar littattafai ta mutu. Da masu ɗab'i suka lura da mutanen da ke zaune a barandar otal ba aikin fari ba na baƙi, sai suka shiga tallata musu labarai masu araha, masu bangon takarda, da sunan karatun bazara. Wasu limaman coci sun yi ta wa'azi cewa irin wannan karatu yana ɓata tarbiyyar 'yan mata, amma wa'azin bai hana ciniki ba. A 1939 kamfanin Pocket Books ya fara sayar da ƙananan littattafai masu shiga aljihu a kan santi 25 na kuɗin Amurka, har a tashoshi da teburan masu sayar da jarida.

Jigon masoyan da suka rabu suka sake haɗuwa kuwa ya girmi wannan kasuwa. Littafin Jane Austen mai suna Persuasion, wanda aka buga a 1817 bayan rasuwarta, labarin wata budurwa ne da aka zuga ta fasa alkawarin aure, sai ga mutumin ya dawo bayan shekara takwas. Marubutan yau har yanzu suna tafiya a kan wannan sawun.

Yadda ake gina labarin

Abu na farko shi ne wuri, kuma wurin yakan zama ƙarami: tsibiri, ƙauyen masunta, ko wani tsohon gidan katako a bakin tafki. Na biyu shi ne wa'adi. Mako guda ne kawai, ko kuma za a sayar da gidan ƙarshen Agusta. Waɗannan biyu su ne ke tura labarin gaba. Mutanen da suka yi shekaru suna kauce wa juna a birni, da uzurin aiki da 'ya'ya, yanzu ga su a ɗakin girki ɗaya suna jiran bayi ɗaya, babu wurin gudu. Ko ba jima ko ba daɗe wata za ta faɗi maganar da aka yi shekara goma ana haɗiyewa, galibi ana tsakar cin abincin dare.

Misali a kusa shi ne Happy Place na Emily Henry, wanda ya fito a 2023. Wasu abokai ne da suka saba haɗuwa kowace shekara a wani gida a jihar Maine, kuma wannan karon shi ne na ƙarshe domin za a sayar da gidan. Biyu daga cikinsu sun fasa aurensu tun watanni, ba su gaya wa kowa ba, sai suka ci gaba da nuna kamar komai lafiya don kada su ɓata wa sauran hutu. A shekarar ce kuma Elin Hilderbrand ta fitar da The Five-Star Weekend, inda wata mata da mijinta ya rasu a haɗarin mota ta gayyato aminiya ɗaya daga kowane zango na rayuwarta su yi ƙarshen mako tare. Matan ba duka suke shiri da juna ba, ɗaya ma tana ɓoye da wani sirri da ya shafi mamacin.

Ko da yake soyayya ake tallatawa a bango, sau da yawa ƙawancen ne ya fi riƙe mai karatu. Rabuwar masoya tana da rana da dalili. Ƙawance kuwa yakan mutu ne a hankali, da saƙon da ba a amsa ba da bikin da ba a je ba, don haka gyara shi ya fi wuyar rubutawa. Marubuciyar da ta ƙware takan bar wani abu bai gyaru ba: a yafe wa juna, amma kowa ta san ba za a koma kamar da ba. Wadda ba ta ƙware ba takan sasanta kowa da kowa a babi na ƙarshe, har da waɗanda bai kamata ba.

Suka da kasuwa

An daɗe ana zargin cewa laƙabin "beach read" na raini ne, domin littafin namiji mai irin wannan jigo ba kasafai ake liƙa masa shi ba. Akwai kuma ƙorafin cewa taurarin galibi Turawa ne masu hannu da shuni, masu gidan gado a bakin teku. Terry McMillan na cikin waɗanda suka kauce wa wannan tun 1992, da labarinta na ƙawaye huɗu baƙaƙen fata a birnin Phoenix, Waiting to Exhale, wanda aka mayar fim a 1995.

Masu ɗab'i sukan saki irin waɗannan littattafai daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, da bango mai launi mai haske da zanen laima ko kujerar bakin ruwa. Tun wajen 2020 matasa masu tallata littattafai a TikTok suka ƙara musu kasuwa. Hilderbrand, wadda ta fara da The Beach Club a 2000 kuma ta kafa yawancin labaranta a tsibirin Nantucket na jihar Massachusetts, ta fitar da Swan Song a 2024, ta ce daga shi ta daina rubuta labaran bazara na wannan tsibiri.