Waiwaye: Yadda aka koyi auna ƙarfin maganaɗisun duniya na dā daga duwatsun aman wuta

Mai neman alƙibla da kamfas ɗin wayarsa a tashar motar Maradi, maganaɗisun duniya ne ke juya masa allura. Daga narkakken ƙarfen da ke motsi can tsakiyar ƙasa yake fitowa, kuma ƙarfinsa hawa da sauka yake yi. Carl Friedrich Gauss na Jamus ne ya fara auna shi da ma'auni tabbatacce a 1832, kuma daga lokacin zuwa yau ya ragu da kusan kashi 9 cikin 100. Sai dai shekara 200 ba ta isa a gane ko raguwar nan abin damuwa ce ba. Shi ya sa masana suka koma ga duwatsu.

Narkakken dutsen da ke kwararowa daga dutse mai aman wuta yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin tama. Da zarar ya huce ƙasa da digiri 580, sai ƙwayoyin su riƙe maganaɗisun wannan lokaci, da inda ya nufa da gwargwadon ƙarfinsa. A 1906 Bernard Brunhes ya tarar da duwatsu a tsakiyar Faransa masu nuna kudu a maimakon arewa. A 1929 Motonori Matuyama na Japan ya ga irinsu. Yanzu an san maganaɗisun ya sha juyewa, na ƙarshe kimanin shekara 780,000 da suka wuce.

Gano inda ya nufa da sauƙi. Ƙarfin ne ya ba da wuya. Émile Thellier da matarsa Odette suka fito da hanya a 1959, aikin haƙuri ne ƙwarai. Ana haƙo guntun dutse mai faɗin santimita 2.5, a gasa shi a tanda, a bar shi ya huce, a auna abin da ya zubar na tsohon maganaɗisunsa da abin da ya ɗauka na sabo wanda aka san ƙarfinsa. A ƙara zafi, a sake, hawa-hawa har tsohon ya ƙare; da kwatanta abin da ya zubar da abin da ya ɗauka ake gane ƙarfin na dā. Sau da yawa wutar kan canza tamar, aikin makonni ya tashi a banza. Robert Coe a 1967 da John Shaw a 1974 sun kawo gyare-gyare. Da irin wannan awo aka tabbatar cewa kimanin shekara 41,000 da suka wuce ƙarfin ya faɗi warwas, sannan ya farfaɗo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarancin awon da aka yi a Afirka, alhali kayan aikin na nan. Akwai duwatsun aman wuta a Todra cikin Abzin, akwai a Biu da Jos. Ƙasar Maradi yashi da laka ce galibi, amma yumɓun da aka gasa shi ma yana riƙe maganaɗisu, kuma a Korsimoro ta Burkina Faso da tsofaffin matoyan ƙarfe aka yi awon. Ɗaliban kimiyyar ƙasa na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo za su iya farawa daga kufai da tsofaffin wuraren narkar da tama, su tattara kasake tare da gawayin da za a gane shekarunsu da shi, tun garma da zaizayar ruwa ba su watsa su ba.