Garin alkama da naman alade: bambancinsu wajen gina jiki

Garin alkama da naman alade suna cikin abincin da aka fi ci a duniya, amma aikin da kowanne yake yi a jikin mutum daban ne. Garin alkama abinci ne na ƙarfi, domin kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa sitaci ne da danginsa. Naman alade ba shi da sitaci ko kaɗan. Abin da ke cikinsa ruwa ne da furotin da kitse. Alkaluman da ke biye na giram 100 ne, kuma ƙiyasi ne na tsaka-tsaki, saboda irin alkama da yadda aka niƙa ta, da sashen jikin dabbar da aka yanko, duk suna sauya lissafi.

Asali

An fara noman alkama a yankin da ya haɗa kudancin Turkiyya da Siriya da Iraƙi na yau, kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Kiwon alade ma ya faro ne wajen wannan zamani ko jim kaɗan bayansa, a wurare biyu daban-daban, yankin Anatoliya da ke Turkiyya ta yau da ƙasar Sin. Har yau Sin ce take cin kusan rabin naman aladen duniya. Musulunci ya haramta cinsa, kamar yadda ya zo a aya ta 173 ta Suratul Baƙara, haka ma addinin Yahudu, don haka mafi yawan Hausawa ba sa cinsa. A arewacin Najeriya ana kiwonsa a wurare irin su kudancin Kaduna da Filato, kuma kasuwar Katsit da ke kusa da Kafanchan ta shahara da cinikinsa.

Ƙarfi da ruwa

Farar fulawa tana ba da kalori kusan 364, da sitaci da danginsa giram 76, furotin giram 10, mai kusan giram 1. Garin alkama da aka niƙa da dusarsa yana da kalori 340, furotin giram 13, mai giram 2.5. Ɗanyar tsokar gadon bayan alade da aka cire wa kitse tana da kalori kusan 143, furotin giram 21, kitse kusan giram 6. Naman gefen ciki kuwa ya haura kalori 500, domin fiye da rabinsa kitse ne, furotin ɗinsa bai kai giram 10 ba. Ke nan faɗin “naman alade” kawai ba tare da ambaton sashen ba bai isa a gina hukunci a kansa ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jera waɗannan alkaluma a ce fulawa ta ninka tsoka wajen ƙarfi. Fulawa busasshen abu ne, ruwan cikinta kusan kashi 12 ne cikin 100, tsoka kuwa ruwanta ya haura kashi 70. Ba a cin fulawa yadda take. In aka kwaɓa ta aka gasa burodi, giram 100 yana ba da kalori kusan 265 da furotin giram 9. In taliya ce aka dafa, ta sha ruwa, sai ta sauko kusan kalori 160 da furotin giram 6. Shi nama in ya ji wuta ruwa yake fitarwa, ya kan rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, furotin ɗin dafaffiyar tsoka ya hau zuwa giram 27 ko sama. A faranti ake gane ainihin tazarar furotin, kuma ta fi wadda ake gani a kan buhu.

Furotin

Yawan furotin bai kai ingancinsa muhimmanci ba. Jiki yana gina tsoka da jini daga ƙananan tubala da ake kira amino asid, tara daga cikinsu dole a same su daga abinci. Furotin ɗin alkama, wanda mafi yawansa gulutin ne, wato abin da ke sa kwaɓi ya yi danƙo ya riƙe iskar yis, yana da ƙarancin ɗaya daga cikin taran, mai suna laisin. Giram 100 na farar fulawa yana ɗauke da laisin miligiram 230 ko kusa da haka, tsokar alade kuwa kusan miligiram 1,900. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007, baligi yana bukatar miligiram 30 ga kowane kilo na nauyin jikinsa a rana. Mai kilo 60 yana bukatar miligiram 1,800 ke nan. In daga fulawa kaɗai zai samu, sai ya ci kusan giram 800, alhali giram 100 na tsoka ya wadatar.

Wannan giɓi ba sai da nama ake cike shi ba. Busasshen wake yana da furotin kusan giram 23 da laisin mai yawa, shi kuma yana da ƙarancin wani tubalin da alkama take da shi, don haka taliya da wake ko burodi da ƙosai haɗi ne da ke gyara juna. Madara da ƙwai da kifi suna yin wannan aikin. Gyaɗa ba ta kai wake ba a nan, don haka ƙuli-ƙulin da ake barbaɗa wa gurasa yana ƙara yawan furotin fiye da yadda yake gyara laisin. Matsalar ta fi shafar yaran da aka yaye, waɗanda cikinsu ƙarami ne kuma bukatarsu ta fi ta manya idan aka kwatanta da nauyin jiki.

Kimanin mutum ɗaya cikin 100 yana da cutar siliyak, wadda gulutin ke lalata masa bangon hanji.

Abin da niƙa ke yi wa alkama

Rabin labarin garin alkama yana wurin niƙa. Ƙwayar alkama sassa uku ce. Farin ciki, wanda sitaci ne da gulutin, ya kai kusan kashi 83 cikin 100. Dusar da ta lulluɓe shi kusan kashi 14 zuwa 15. Sai ɗan idon da tsiro ke fitowa daga gare shi, kashi 2 zuwa 3. Duk da ƙanƙantarsu, dusa da idon nan su ne ke riƙe da mafi yawan bitamin B da sinadaran ƙarfe da zink da maganeziyam da harza, abin da masana abinci ke kira faiba.

Dutsen niƙa yana murƙushe sassan uku tare, rariya kuma ba ta iya raba su sarai. Injin da ke niƙa da naɗaɗɗun ƙarafa, wanda ya bunƙasa a Budafes ta ƙasar Hungari sannan ya mamaye masana'antun Miniyafolis ta Amurka wajen shekarun 1870 zuwa 1880, shi ya sauya wannan. Ana ɗan jiƙa ƙwayar da farko don dusa ta yi laushi kada ta farfashe, sannan a bi da ita ta tsakanin ƙarafa masu zane su tsaga ta, a tankaɗe, a sake niƙa tsakin da ƙarafa masu santsi, a kuma tankaɗewa, har sau da yawa. Daga kilo 100 na alkama ana samun farar fulawa kilo 72 zuwa 75, sauran ya tafi abincin dabbobi. 'Yan kasuwa sun so ta saboda dalili mai ƙarfi: man da ke cikin idon ƙwaya shi ke sa gari ya yi ɗaci in ya daɗe, farar fulawa kuwa tana jure ajiya da doguwar tafiya.

Asarar da aka yi a bayyane take. Harza ta sauko daga giram 10.7 zuwa 2.7. Ƙarfe ya sauko daga miligiram 3.6 zuwa 1.2, zink daga 2.6 zuwa 0.7, maganeziyam daga 137 zuwa 22, bitamin B1 daga 0.5 zuwa 0.12. Da aka gano bitamin a farkon ƙarni na 20, kuma Robert Williams ya haɗa B1 a ɗakin gwaji a 1936, sai hanyar mayar wa fulawa wani ɓangare na abin da aka cire ta samu. Amurka ta fara ƙara ƙarfe da bitamin B a 1941, ta wajabta folik asid, wani nau'in bitamin B, a 1998. Birtaniya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta bi wata hanyar, ta tilasta a bar dusa mai yawa a gari, ta kuma ƙara masa sinadarin kalsiyam. Najeriya ta wajabta sa bitamin A cikin fulawa da sukari da man girki a 2002, daga baya aka faɗaɗa ƙa'idar fulawa ta haɗa da ƙarfe da folik asid da wasu. Alamar ido da ake gani a jikin buhu ita ke nuna an sa bitamin A. Harza da maganeziyam dai ba a mayar da su. Alkamar da ake nomawa da rani a Kadawa da kwarin Haɗeja, in aka kai ta injin unguwa aka niƙa, ba ta samun wannan ƙari, amma in ba a surfe ta ba tana riƙe da dusarta.

Bitamin B1 da B12

B1 bitamin ne da abincin biyu duk suke ɗauke da shi. Tsokar alade tana da kusan miligiram 1 a giram 100, wato kusan ninki goma na naman shanu, kuma bukatar baligi a rana miligiram 1.1 ce ga mace, 1.2 ga namiji. Garin alkama mai dusa yana da rabin na alade. Ƙarancin B1 yana kawo cutar beriberi, mai taɓa jijiyoyi da zuciya. Wannan bitamin ba ya jure doguwar wuta, yana narkewa cikin ruwan dahuwa, kuma kanwa da bakin foda mai yawa suna lalata shi. Wanda ya tafasa nama ya zubar da romon ya yi asarar kaso mai tsoka.

B12 babu shi sam a alkama sai an ƙara. Alade yana da kusan maikirogiram 0.6 zuwa 0.7, bukatar rana kuwa 2.4 ce. Naman shanu da hanta da kifi sun fi shi. Dukansu biyu ba su da bitamin C da za a dogara da shi, kuma ba su da kalsiyam mai yawa.

Ƙarfe da zink

A takarda, garin alkama mai dusa ya fi alade ƙarfe, domin na alade bai kai miligiram 1 ba. Amma wani kaso na ƙarfen nama irin na jini ne, hanji yana tsotse kashi 15 zuwa 35 nasa. Na hatsi ana tsotse kashi 2 zuwa 20 ne, galibi can ƙasa, saboda dusa tana ɗauke da sinadarin faitet da ke ɗaure ƙarfe da zink ya hana su shiga jini. A 1961 likita Ananda Prasad ya bayyana halin wasu samari a Iran da girmansu ya tsaya, waɗanda abincinsu kusan duka gurasar alkama ce marar yis, kuma binciken da ya biyo baya a Masar ya danganta matsalar da ƙarancin zink. Barin kwaɓi ya kumbura na sa'o'i, kamar yadda ake yi wa funkaso, yana karya wani ɓangare na faitet. Cin lemo ko tumatir tare da abincin yana ƙara tsotsar ƙarfe, shayi kuma yana rage ta, abin lura ga mai karya kumallo da shayi da burodi kullum.

Kitse, harza da suga

Kitsen alade kusan kashi 39 cikin 100 mai daskarewa ne, kashi 45 irin na man zaitun, kuma naman yana da kolestarol kusan miligiram 60 zuwa 70. Alkama ba ta da kolestarol, nama ba shi da harza. Farin burodi yana saurin ɗaga sukarin jini. Tuwon alkama da ake yawan ba masu ciwon suga ya fi farar fulawa harza, amma sitacinsa yana nan, kuma in garin ya yi laushi sosai saurin narkewarsa bai bambanta da yawa ba, don haka yawan abin da aka ci shi ne abin kiyayewa. Masana ba su daidaita ba kan girman illar kitse mai daskarewa ga zuciya, ko da yake hukumomin lafiya suna ba da shawarar rage shi.

Haɗari

Naman alade da bai dahu ba yana iya ɗauke da tsila da wata ƙaramar tsutsa mai shiga tsoka da ake kira tirikinela. Ƙa'idar Amurka ta 2011 ita ce zafin tsakiyar gunduwar nama ya kai digiri 63 na Salshiyas a bar shi minti uku, niƙaƙƙen nama kuma digiri 71. Ƙwan tsilar alade yana yaɗuwa ta bayan gidan wanda ke ɗauke da ita, ta hannu ko ruwa ko ganye, don haka yana kama har wanda bai taɓa cin naman ba. In tsutsar da ta fito daga ƙwan ta kai ƙwaƙwalwa tana haddasa farfaɗiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa ita ce sanadin kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya a wuraren da tsutsar ta yi yawa. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da ke jawo dajin hanji.

Fulawa kuwa matsalarta danshi ce da ƙwari. Garin da ke da dusa ya fi saurin lalacewa a lokacin zafi, gara a niƙa daidai na 'yan makonni. Hukumar NAFDAC ta haramta sa sinadarin buromet, mai ƙara wa kwaɓi kumbura, a burodi tun farkon shekarun 2000.